Mahaucin da ke tambayar wa zai ci

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Kakana, mahaifin Dada, ya rasu ranar Talata bayan azahar, a ɗakinsa, a gidanmu na nan Garwa. Bai yi jinya ba. Ya ce kansa na sarawa, ya kwanta, shi ke nan.

Mai jinya a gidanmu kuwa Dada ce, mahaifiyata. Shekara guda ke nan tana fama da ciwon daji a nono, duk unguwa an sani. Shi ya sa da labari ya fita cewa an yi rasuwa a gidanmu, mata biyu suka shigo da kuka suka wuce ɗakinta kai tsaye. Suka tarar da ita zaune a bakin gado tana kallonsu. Ɗaya ta ce, "Ashe ba ke ba ce."

Dada ta ce, "Ba ni ba ce tukuna. Ku zauna."

Ni ina bakin ƙofa da buta a hannu. Tun daga lokacin wannan "tukuna" ɗin ba ta bar kunnena ba.

Mahauta sun zo daga kwata ko takalma ba su wanke ba. Dillalan shanu sun zo, Fulani, suna "Allah hokku munyal," wato Allah ya ba da haƙuri, muna amin. Sarkin fawa ya zauna a zaure ya ce, "Mutumin kirki ne, wuƙarsa ba ta taɓa cutar mai saye ba. Sai dai ya cika tambaya." Duk zauren aka yi dariya ƙasa-ƙasa, don kowa ya san abin da yake nufi.

Washegari wata mata ta zo daga Jambutu, ba wanda ya san ta. Ta gaishe da Dada, ta zauna, ta ƙi tashi. Can ta ce ita fa ta zo neman gafara ne. Wai shekarun baya ta je teburinsa a kasuwa ta ce ya yanka mata tsoka zalla, ba kitse ba ƙashi, mai faɗi kamar tafin hannu. Ya ajiye wuƙa ya ce, "Wa zai ci?"

Ta ce, "Baba, ina ruwanka? Kuɗina ne."

Ya ce, "Kuɗinki ne, namana ne. Tukunya za a sa ko jikin mutum za a ɗora wa?"

Ta wuce teburin gaba. Ya ɗaga murya ya ce kada wanda ya sayar mata. Ta zage shi tas a gaban mutane, ta kama hanya, ya biyo ta a ƙafa har gida da rigar aikinsa duk jini. Uwarta ce ke da miki a wuya. Ya zauna a ƙofar gidan ya ce ba inda za shi sai maigida ya dawo. A ranar aka kai tsohuwar asibiti. Matar ta ce uwarta ta ƙara shekara shida a duniya, ta ga auren jikokinta biyu. Ta ce, "Kullum ina cewa zan je in ba shi haƙuri. Na makara."

Mutanen ɗakin suka yi ta mamaki. Ni ban yi ba, don ya ba ni labarin inda tambayar nan ta samo asali. Bara ya ba ni, a cikin jirgin ƙasa, Dada na barci a kafaɗata. Ni kaɗai ya ba, ko 'ya'yansa ba su san rabinsa ba. Shi ya sa nake danna shi a waya yanzu kafin ya zube min, ku yi haƙuri da yadda ya zo.

Amma bari in fara da shi kansa, don masu ganinsa daga nesa suna ɗauka mafaɗaci ne. Ni "uwargida" yake ce min tun ina rarrafe. In na shigo gaishe shi da safe sai ya ce, "Uwargida, yau ma waya za ki dafa min?" In ce, "Tsoho, ka kawo cefane ka gani." Ya ce, "Na sake ki." Sakin da ya yi min ya fi ɗari, kuma kowane da yamma yake mai da ni, in na kawo masa shayi. Ya daina zuwa kasuwa da daɗewa, amma kowace safiya sai ya wasa wuƙaƙensa uku ya nannaɗe su a tsumma. Kuma mahauci ne da ba ya cin tsoka. Kayan ciki, ƙafa, romo, duk yana ci. Tsoka kuwa sai ya ture ta gefen kwano ya ce haƙora. Mutumin da yake fasa goro da haƙoran gaba.

To ga labarin.

Zamanin shugaban ƙasa na farko ne, ɗan garin nan. Kaka ya ce lokacin Garwa ji take da kanta, gine-gine na tashi, manya na sauka a jirgin sama, kukun kowane babban ma'aikaci na zuwa kasuwa da kwando. Shi yana saurayi mai ƙarfi, bai daɗe da aure ba, ya gaji teburin ubansa a babbar kasuwa. Uwarsa, Iya, ita ke haɗa yajin kilishi a gida. Sai ƙanwarsa, wadda mu duka muke ce wa Goggo, lokacin tana budurwa.

Iya ta ɓoye ƙullutun da ke nononta har sai da ya fashe. Goggo ce ta gani, ta ga zanen da take wankewa a ɓoye. Aka kira wata tsohuwa mai magani a unguwa. Ta duba ta ce daji ne, kuma daji abu ne mai rai, nama yake ci. In aka ba shi nama ya ƙoshi, sai ya ƙyale na mutum. Ta ce, "Ku da kuke gidan fawa, ai Allah ya sauƙaƙa muku."

Daga ranar, kowace safiya, kafin ya sayar wa kowa ko ƙashi, sai Kaka ya zare tsokar gadon baya, wadda ta fi kowace laushi, wadda kukun manya ke rububi suna biya ba ciniki. Ya yanko mai faɗi, ya kawo gida da ɗuminta. Goggo ta ɗora a kan mikin ta ɗaure da ƙyalle mai tsabta. Da yamma a kwance. Naman ya yi baƙi, ya yanƙwane, yana wari. Sai su kalli juna su ce, "Ya ci." Su kai bayan gida su binne kada kare ya ɗauka.

Ya ce min, "Murna muke yi, uwargida. In naman ya fi lalacewa, ranar mun fi murna."

Na ce, "Tsoho, ba asibiti a Garwa lokacin?"

Ya ce, "Akwai. Daga teburina in na miƙe da ƙafa, kafin shayi ya huce na isa."

Na ce to me ya hana. Ya ce tsoro ne, iri-iri. Ana cewa duk macen da ta shiga da wannan ciwon yanke mata nono ake yi, a binne ta ba cikakkiya ba. Iya ta rantse ba za ta buɗe ƙirji gaban namiji ba. Shi kuma ba ya jin Faransanci ko na gaisuwa, in ya ga mai farar riga da takarda a hannu sai ya sauya hanya. Sannan ya ce akwai wanda ya fi waɗannan duka, wanda bai taɓa faɗa wa kowa ba.

"Yabona ake yi. Duk kasuwa ana cewa ku ga ɗan halak, tsokar da prefe mai mulkin gari ke ci ita yake kai wa uwarsa kullum. Ina jin daɗi. In na kai ta asibiti, wa zai yabe ni?"

Haka aka yi tun daga damina har zafi ya dawo. Kukun manya suka gaji da jin "babu," suka koma wasu tebura. Hannun Iya ya kumbura har ba ta iya ɗaga ludayi. Warin ya kai maƙwabta suka daina shigowa, sai su tsaya daga zaure su yi sannu.

Wani ma'aikacin asibiti ne, mutumin kudu, da ke sayen nama wurinsa ƙarshen wata, ya tambaye shi wai ina tsokar baya take zuwa ne kullum. Kaka ya faɗa masa, da alfahari ma. Mutumin ya ce a kai shi ya gani. Iya ta ƙi, sai da aka ce daga nesa zai tsaya. Ya shiga, ya fito, ya zauna a dakalin ƙofar gida. Can da guntun Fulatancinsa ya ce nan Garwa ba abin da za a iya, sai Yawunde, kuma ba wata mai zuwa ba, gobe. Shi ya samo musu takardar asibiti.

Kuɗi kuwa babu. Kun san yadda fawa take, a kan amana take tafiya. Dillali ya ba ka sa da safe ba ka ba shi ko sisi ba, ka yanka, ka sayar, bayan kwana biyu ka kai masa nasa. Sunanka shi ne jarinka. Akwai wani Bafulatani daga wajen Mayo-Ulo da ya yi hulɗa da ubansa shekara da shekaru. Kaka ya je ya karɓi bijimi a hannunsa kamar kullum, har suka yi wasa. Maimakon ya nufi kwata, sai ya zagaya da shi ya sayar a tsaye ga wani mai lodin shanu zuwa kudu. Kafin gari ya san me ake ciki, ya ɗauki Iya sun shiga mota.

Ya ce tunda yake bai taɓa jin tsoro irin na hanyar nan ba. Lokacin ba ka wuce gada ko mararraba ba jandarma, kuma sai ka nuna takarda. Duk shingen da suka tunkara, shi ya gama yarda cewa Bafulatanin ya kai ƙara, sunansa ne a hannunsu. Za a sauke shi, motar ta tafi da Iya ita kaɗai, ba ta san kowa ba, ba ta iya ɗaga hannu ba. Fasinjoji sun toshe hanci da bakin mayafi, wani yana ce wa direba a ajiye su. A wani shinge kafin Ngaundare, jandarma ya leƙo ya ga ƙullin tsumma a ƙirjin Iya, ya ɗauka kaya ta ɓoye. Ya nuna da sanda a buɗe. Kaka yana roƙo da Hausa, yana roƙo da Fulatanci, mutumin bai ji ko ɗaya ba. Iya da kanta ta sa hannun mai lafiya ta ɗaga ƙyallen. Jandarman ya ja baya har ya taka ɗan'uwansa. Ko takardarsu bai duba ba.

Iya ta mai da ƙyallen ta ce, "Na rantse ba zan buɗe wa namiji ba. Ga shi na buɗe wa na bakin hanya." Haka suka isa Ngaundare.

Jirgin ƙasa bai daɗe da fara zuwa can ba. Iya ba ta taɓa ganinsa ba, da ya yi kuka ta riƙe rigar Kaka kamar yarinya. A ciki mutane cunkus, wasu a tsaye, amma bencinsu su biyu ne kawai har Yawunde.

A asibitin can aka samo wani dattijo Bahaushe mai shara ya yi musu tafinta. Likita ya duba, ya yi magana.

Dattijon ya ce, "Wai yaushe ya fara?"

Kaka ya ce, "Bai daɗe ba."

"Ya ce kada ka yi masa ƙarya. Wai me kuke sa mata a kai?"

Iya ce ta amsa daga kan gado. Ta ce, "Nama. Mai kyau kuwa. Ɗana ba ya kawo min sai mai kyau, ka faɗa masa."

Dattijon ya faɗa. Likita ya cire tabarau ya riƙe a hannu, ya yi magana a hankali. Dattijon ya tsaya yana gyara tsintsiya, ya ƙi fassarawa, sai da Kaka ya kama hannunsa. Ya ja shi waje ya ce, "Wai da kun zo tun yana ƙarami, da an cire. Yanzu sai dai a rage mata zafi."

Sati uku ta yi. Da safe Kaka ya je unguwar Hausawa ya yi wa mahautan can fiɗa, abin da aka ba shi ya sayi allura, ya dawo ya zauna a ƙasa kusa da gadonta. Kullum sai ta tambaye shi wa ke tsare masa tebur. Da ta cika, mutanen unguwar ne suka yi mata sutura. Ba wanda ya san sunanta, "uwar baƙo" suke cewa.

Ya dawo Garwa shi kaɗai. Tebur an ba wani, sarkin fawan lokacin ya ce wanda ya ci amanar dillali ba ya tsayawa a layinsu. Ya kwana biyu a ɗaki yana jiran a zo a tafi da shi. Ba wanda ya zo. Rana ta uku ya gaji da jira ya tafi kara, kasuwar shanu, da ƙafarsa. Bafulatanin na zaune a kan buzu. Ya ɗago ya ce, "Yaya mai jiki?"

Kaka ya ce, "Ta rasu."

Mutumin ya yi mata addu'a. Sannan ya ce, "Da ka tambaye ni, da biyu zan ba ka."

Bai kai ƙara ba. Bai kuma sake ba shi ko akuya ba har ya bar duniya. Kaka ya biya shi kaɗan-kaɗan, yana yankan nama a teburin wasu kamar sabon shiga, sai da Dada ta yi wayo sannan ya sake samun nasa. Ya ce min da kurkuku aka kai shi da ya fi masa sauƙi a kan wannan maganar.

Shi da Goggo kuwa, tun daga nan ba su taɓa shiryawa a kan zancen Iya ba. Ita lissafinta daban. Ta ce a gida, da nama, Iya ta kusa shekara tana zaune da su. Ya kwashe ta ya kai asibiti, sati uku ta mutu, ko kabarinta ba su sani ba. In an taɓo zancen sai ta ce, "Ni dai da rai na ba ka ita."

Da Dada ta nuna min abin da ke nononta bara, ni ma kwana uku na yi ban faɗa wa kowa ba, ina ta duba waya ina karanta abin da ke ƙara tsinka min zuciya. Rana ta huɗu na kai wa Kaka shayi, ya ce, "Uwargida, wa ya mutu?" Na faɗa masa. Ya miƙe ya sa hula. A ranar muka je asibiti. A satin aka tura mu Yawunde.

Kafin mu tafi Goggo ta zo duba ta da baƙar leda a cikin mayafi. Ta shiga ɗakin Dada ta ja labule. Kaka yana tsakar gida, ko ganin ledar bai yi ba. Hancinsa ne ya ji ƙarnin ɗanyen nama. Ban taɓa ganin tsoho ya tashi da sauri haka ba. Ya ɗaga labulen ba sallama, ya fizge ledar, ya wurga ta bayan katanga.

Goggo ta ce, "Yaya, a gaban yara?"

Ya ce, "Kin ɗaura wa uwata, ba za ki ɗaura wa 'yata ba."

Ta ce, "Wa ke yankowa? Ni nake zuwa kwata?"

Ya tsaya kamar an mare shi. Ya ce, "Ni ne. Shi ya sa." Ya koma ɗakinsa. Wata huɗu ba su gaisa ba, in ta shigo ta ƙofa sai ya juya wa bango fuska yana jan carbi.

An yi wa Dada aiki, aka ɗora ta kan shimiyo, ruwan maganin nan da ake ƙara wa mutum a jijiya duk bayan sati uku. Wanda bai yi ba ba zai gane ba. Ba maganin kaɗai ba ne. Mota zuwa Ngaundare, jirgi zuwa Yawunde, ɗakin kwana, gwajin jini, sannan a miƙo maka takardar magani ka fita kana karanta ta kamar sammaci. Keken ɗinkin Dada ya tafi. 'Yan kunnenta na aure sun tafi. Albashina na shagon waya ba ya kwana. Kawu, ƙanen Dada, yana kawo abin da ya samu a moto, babur ɗinsa na haya. Kaka ya sayar da firizarsa, ya sayar da filin da ya ajiye a Jambutu wanda yake cewa nan zai gina min ɗaki in na yi hankali.

Da waɗannan suka ƙare, ya sa babbar riga ya tafi kasuwa. Ya bi layin mahauta tebur-tebur da hularsa a hannu, har teburin yaran da shi ya koya wa riƙe wuƙa. Kawu ya ji kunya ya ce, "Baba, ka bari mana, ana kallonmu." Ya ce, "A kalla. Wancan karon ban tambaya ba."

Kuma ba tafiyar da bai bi mu ba. Mutum ya haura tamanin, ƙafa na kumbura, mu ce ya zauna, ya ce, "Uwargida za ta gudu da wani a jirgi." Ranar da gashin Dada ya fara zuba tana kuka, shi ya cire hula ya nuna mata sanƙonsa ya ce, "Gado ne, ba ciwo ba."

Yanzu ga inda muke. Randebunmu, wato ganin likita, ranar Litinin ne, dole mu tashi Asabar. Jiya Juma'a, kwana uku da rasuwa, na shiga na ce wa Dada in haɗa kaya? Ta ce ba inda za ta.

Na ce, "Dada, likita ya ce in aka tsallake..."

Ta ce, "Ubana ko bakwai bai yi ba, in tashi daga tabarmarsa in hau mota? Me za a ce?" Ta rage murya ta ce, "Kuma da me? Mai yawo da hula ya tafi. Ku bar ni haka, kada in mutu in bar ku a titi."

Na fito tsakar gida. A ƙofar gida ga sa a ɗaure, mahauta sun haɗa sun kawo na sadakar bakwai, yadda suke yi in nasu ya rasu. Na ja Kawu gefe na ce ko za a sayar. Ya ce in rufa masa asiri, abin da jama'a suka kawo don mamaci ba a kai shi kasuwa, kuma ni jika ce, ba a sa bakina a wannan. Gaskiyarsa ne. Na tsaya ina kallon san nan yana tuƙa, ina jin kamar ni za a yanka.

Ban san Goggo ta ji mu ba. Ta taso da sandarta daga cikin mata, ta shiga ɗakin Dada, na bi ta.

Ta ce, "Tashi ki haɗa kaya."

Dada ta ce, "Goggo, zaman makokin fa?"

"Ni zan zauna. Yayana ne kafin ya zama ubanki. Duk mai magana ta zo ta same ni."

Dada ta ce, "Ke da ba ki yarda da asibiti ba."

Goggo ta zauna a bakin gado da ƙyar. Ta ce, "Ni nake kwance ƙyallen nan kowace yamma. Shi naman yake kallo, ni mikin nake kallo. Ko rana ɗaya bai ragu ba. Na sani tun lokacin." Ta share baki da gefen mayafi. "In na ce masa ya yi gaskiya, to ni me na yi ke nan da hannuna? Na bari sai gobe, sai gobe. Ga shi ya tafi bai ji ba."

Daga nan ta wuce zaure, inda mace ba ta shiga ranar makoki, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce wa sarkin fawa sun gode, Allah ya saka, amma a kwance san nan a sayar, 'yar mamacin za ta asibiti. Sadaka za a yi ta da waina da ƙosai, ita za ta soya. Kawu ya sunkuyar da kai. Sarkin fawa ya shafa gemu ya ce, "To, Hajiya. Ai ba yau gidan nan ya fara sayar da sa a tsaye ba." Tsofaffin da suka san zancen suka fashe da dariya, wasu suna share ido. Kafin la'asar shi da kansa ya kawo kuɗin, ya ce dillalin da ya saya ya ƙi cire ladansa.

Zai kai mu wannan zuwan da na gaba. Bayan su akwai saura, ban san ta inda za su fito ba.

Yanzu muna ajans, tashar mota, motar ba ta cika ba. Wannan zuwan ne za a faɗa mana ko maganin yana aiki ko abin ya wuce wani wuri. Ni ce mai jin Faransanci, ni nake shiga wurin likita. Abin da muka saba, in na fito sai in ja Kaka bayan baranda in faɗa masa komai yadda aka faɗa, mu tsaya mu zaɓi wanda za a gaya wa Dada. Shi yake ɗaukar mai nauyin, ni in shiga da murmushi. Tun safe nake tunanin in na fito ranar Litinin, ina zan nufa da maganar.

Ɗazu Dada ta gama gyara ɗankwali, ba ta ko kalle ni ba ta ce, "Na san abin da kuke yi a baranda, ke da mijin naki."

Na juyo na kalle ta.

Ta ce, "Yanzu saura ni da ke. Duk abin da ya ce, ni za ki kawo wa. Duka."

Na ce to. Ta kama hannuna ta riƙe a cinyarta.

Allah ka yafe wa Kaka abin da ya yi da sani da wanda ya yi da rashin sani, ka yalwata masa makwanci, ka sada shi da Iya inda ba ciwo. Wanda ya karanta ya yi masa fatiha. In kun shafa, kada ku sauke hannu, ku sa Dada a ciki. Litinin da safe ne.